Farar Na'ura a Kan Tankin Unguwa

Malam Yero mutum ne mai saurin cewa to. Ko akuya ta roƙe shi hanya sai ya kauce mata. Shi ne ke kula da kadarorin ƙaramar hukuma, kuma a Zuru duk wanda ke son kafa rumfa jikin katangar gwamnati ya san gidansa.

Maƙwabcinsa Ugochukwu yana da shagon buga takardu, inda 'yan makaranta ke zuwa duba sakamakon jarrabawa. Intanet ba ta kaiwa shagon sosai. Da damina ya zo da wata farar na'ura, ba ta fi murfin tukunya ba, ya ce yana so ya ɗaura ta a kan tankin ruwan unguwa don ta kamo sabis. Tankin na hukuma ne. Yero na tsakiyar cin gyaɗa ya ce, "Haba maƙwabci, wannan har sai an tambaya? Ɗaura abinka." Shi ne ma ya riƙe masa tsani ranar.

Bayan kaka sai magana ta taso a ofis. Irin waɗannan na'urori sun fara tsirowa a kan turakun fitila da rufin makarantu, ba a san masu su ba. Wasu suka ce huda ƙarfen tanki na jawo tsatsa. Wasu suka ce a wannan zamani na ɓarayin daji, wa ya san wanda abin ke kai wa labari? Aka kafa kwamiti ƙarƙashin Haggai, dattijo marar wasa, wanda ya rantse duk ma'aikacin da ya ba da izini da baki sai ya bar kujerarsa. Yero na cikin kwamitin. Tun daga nan gyaɗa ta daina yi masa daɗi.

Ranar da suka iso tankin, mata na layin ɗiban ruwa, masu babur suka tsaya kallo. Aka kirawo Ugochukwu.

"Abin ga naka ne?" in ji Haggai.

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Wa yab ba ka izini?"

Ugochukwu ya dubi Yero. Kallo ɗaya ne, gajere. Da Yero ya yi shiru ma da sauƙi, amma tsoro ya riga hankali isa bakinsa.

"Ai shi ne matsalar mutanen ga," ya ji kansa yana faɗa da ƙarfi. "Kowa ya ga kayan gwamnati sai ya hau. Ni ban taɓa sanin da shi ba sai yau."

Wata mata a layi ta ajiye bokitinta ta riƙe haɓa. Tana nan ranar da aka ɗaura.

Ugochukwu ya ce, "Ba wanda ya ba ni. Ni na yi kuskure."

Haggai ya ce a sauke. Aka kawo tsani, Ugochukwu ya fara hawa da tumbinsa da gwiwarsa mai ciwo, tsanin na rawa. Haggai ya daka tsawa, "Yero, riƙe mashi mana, so kake ya faɗo?" Yero ya riƙe. Kunya ta rufe shi, bai iya ɗaga kai sama ba, bai iya duban layin mata ba. Takalmansa kawai ya zuba wa ido.

Da aka sauko da na'urar Haggai ya dafa kafaɗar Yero a gaban jama'a. "Da muna da ma'aikata irinka, da mun huta. Ɗauki ka kai sito."

Yero ya ɗora ta bayan babur. Igiya ta ƙi ɗauruwa, na'urar ta zame sau biyu. Ugochukwu ya ƙaraso yana ɗingishi, ya kwance robar da ke nasa babur ɗin, ya ɗaure ta tamau, ya girgiza ya ga ta zauna.

Yero ya buɗe baki, murya ƙasa-ƙasa. "Maƙwabci, wallahi ni..."

"Ka bari," in ji Ugochukwu, bai dube shi ba. "Kana da yara. Ka bi a hankali, hanya akwai rami."