Bishiyar da Ta Yi Ja a Watan Yuli

Ni dai ban taɓa buƙatar kalanda ba. Bishiyar mapul da marigayi mijina Réjean ya dasa a bayan gida ita ke faɗa min lokaci. In ta fara ɗigar da ruwan zaƙi cikin bokiti, ƙanƙara ta kusa narkewa. In ta yi kore shar, a kai kujera inuwa. In ganyenta ya yi ja, kaka ta shigo, a ciro kayan sanyi. Tunda kaina ya fara yi min wasa, sunayen mutane suna kufce min, ita kaɗai ce ba ta taɓa yi min ƙarya ba.

'Yata Maryse kuwa ta tasa ni gaba sai na koma gidan tsofaffi. Muka yi da ita za ta kawo ma'aikaciyar jinya ta gwada hankalina. In na ci, in zauna a gidana.

Ranar gwajin da safe na ɗaga labule, sai ga mapul ta yi jajir. Ikon Allah! Yaushe kaka ta shigo ban sani ba? Na zura ƙatuwar rigar ulu, na hura murhu, na ɗora miyar wake. Zufa na ta keto min, na ce tsufa ne.

Suka shigo ita da ma'aikaciyar, Maryse sanye da 'yar riga marar hannu.

"Mama! Gasa kanki za ki yi?"

"Ke dai jira mura, uwar 'yan gayu."

Ma'aikaciyar ta zauna tana murmushi. "Madam Thibodeau, wane lokaci muke ciki?"

Na saci kallon taga. "Kaka mana. Wannan ma tambaya ce?"

Maryse ta sunkuyar da kai. "Yuli ne, Mama. Tsakiyar zafi."

Raina ya ɓaci. Na ja su har bakin taga, na ce su duba da idonsu. Sai a nan na lura bishiyoyin maƙwabta duk kore ne, tawa kaɗai ce ja. Kaina ya ɗaure tamau. Ni ce na rikice, ko ita?

Maryse ta kira maƙwabcinmu Fernand, wanda ya tsufa yana dafa ruwan mapul ya koma kamar zuma. Ya ɓantari ɓawon bishiyar ya shinshina.

"Ginette, saiwar ta ruɓe, shi ya sa ta rikita lokaci. Gara a sare ta kafin ta faɗo kan rufi."

"Haba Fernand! Sau ɗaya fa ta yi kuskure. Shekara nawa tana faɗar daidai?"

Ma'aikaciyar ta ɗauki jakarta, Maryse ta zo tana cire min rigar ulun a hankali. Na gane ban ci gwajin ba, tsoro ya kama ni.

Na ce, "Ɗakin da kika samo min, wace bishiya ce a tagarsa?"

"Babu bishiya, Mama. Wurin ajiye motoci ne."

"To wa zai riƙa faɗa min lokaci?"