Kunnen Alu da Gilashin Farko

A layinmu na unguwar Nima akwai wata darbejiya da muke zama a ƙarƙashinta bayan azahar. Samari suka sa wa wurin suna bes, mu ma tsofaffi muka bi bakinsu. Ukasha ne mai dafa mana ataya, shayin nan mai ƙarfi da ake sha a ƙananan gilasai. Ba ya zama tare da mu a inuwa, don hayaƙin gawayi yana sa dattawa tari. Can waje yake ajiye murhunsa, a kan siminti, inda rana ke duka har la'asar.

Dokar bes ɗaya ce. Gilashin farko, mai ɗaci da kumfa, na babba ne. Ni Mutala, babu wanda ya girme ni a wurin, don haka nawa ne. Ba ni na kafa dokar ba, samun ta na yi, kuma ban ga laifinta ba.

Alu zabiya ne, yana sayar da fitilun mota a kasuwar Abossey Okai. Da rana ta take yakan bar wa abokin cinikinsa rumfa ya dawo gida, saboda fatarsa ba ta jure zafi. Matarsa Mas'uda ba ta wasa da wannan. Malafa, riga mai dogon hannu, man shafawa da ake ba su a asibiti, sai ta ga kowanne a jikinsa kafin ya fita. Duk da haka wani ɗan gyambo ya fito masa a saman kunnen hagu ya ƙi warkewa. Likita ya duba, ya ce yana tsoron ciwon dajin fata ne, ya sa masa ranar da za a yanke ɗan wurin tun yana ƙarami. Alu kuwa, ko yankan rago ba ya tsayawa kallo.

Ana cikin haka Sumaila ya zo da wayarsa. Sumaila direban trotro ne, wato motar haya, kuma duk abin da waya ta faɗa masa, a wurinsa an gama magana. Ya kunna mana muryar wani mutum da ba mu san ko ɗan wane ne ba. Mutumin ya ce Turawa sun yi bincike, sun ga masu shan gahawa ba su cika kamuwa da ciwon dajin fata ba.

"Chale, abokaina, kun ji dai!" in ji Sumaila. "Gahawar Bature fa, wannan ruwan wanke kwano. To ina ga atayar Ukasha, wadda ke sa kurma ya ji kiran salla?"

Na ce, "Mutumin gahawa ya ce, bai ce ataya ba."

"Baba, duk dangi ne. Uwarsu ɗaya, ruwan zafi."

Nan take bes ta zama asibiti. Aka yanke cewa gilashin farko ya koma wurin Alu, tunda shi ne gilashin da ya fi ƙarfi. Wani ya ƙara da cewa ƙarfin yana fita da tururi, kafin a kawo shi inuwa ya huce. Don haka Alu ya tashi daga gindin darbejiya, ya koma kusa da Ukasha, ya riƙa karɓa daga bakin buta. Sumaila ya lura malafa tana gogar gyambon, ya cire ta da hannunsa, ya ce a bar ciwo ya sha iska.

Na ce, "Ku ji tsoron Allah. Mutumin da ya baro kasuwa don gudun rana, kun kai shi kun shanya. Ku bar shi ya je wurin likita."

Sumaila ya dubi sauran ya ce, "Kun ji Baba Mutala? Ba kunnen Alu ke masa ciwo ba, gilashinsa ne."

Suka kwashe da dariya, har da Alu. Aka miƙo mini gilashi na biyu, na ce na ƙoshi.

Ranar asibiti ta zo ta wuce. Alu ya gaya wa Mas'uda wai likita ya yi tafiya, sai an kira shi. Kullum zai fito daga gida da malafarsa kamar mutumin kirki, ya iso bes ya rataye ta a reshe. Fuskarsa ta yi ja, suka ce jini ya fara gudu. Wuyansa ya fara saɓa, suka ce tsohuwar fata ce ke ba sabuwa wuri. Gyambon ya faɗaɗa yana ruwa, Sumaila ya leƙa, ya gyaɗa kai kamar wanda ya yi shekaru yana fiɗa.

"Dafin ne ke fitowa. Ukasha, ƙara ganye!"

Na yi wa Alu magana shi kaɗai, a ƙofar masallaci. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, in na warke zan mayar maka da gilashinka, wallahi." To me za ka ce wa irin wannan?

Sai na ɗauki sandata na nufi unguwar Maamobi, inda Mas'uda ke sayar da koko da ƙosai. Namijin da ya kai zancen bes wurin mace, a layinmu an san sunan da ake kiran sa. Na san sunan, na je.

Mata ba sa shiga bes. Mas'uda ta shiga, da ludayi a hannu, ta tsaya a kan mijinta yana tsakar hura kumfa.

"Alu, ina malafarka?"

Ya nuna reshe.

"Itacen ne zabiya, ko kai?"

Sumaila ya gyara murya. "Anti, ki yi haƙuri, magani muke masa. Bincike ne na Turawa."

"Kai da ko birkin motarka ba ka bincika ba? Tashi, Alu. Yau likita ya dawo daga tafiyar da bai yi ba."

Ta ɗora masa malafa da kanta, ta tasa shi gaba har bakin titi. Ukasha ya rasa wanda zai miƙa wa gilashin da Alu ya bari, ya shanye abinsa.

Abin da likita ya faɗa, daga bakin Mas'uda na ji. Ya ce maganar gahawa akwai ta, amma bambancin da aka gani kaɗan ne, a cikin mutanen da ba su kamu ba tukuna, kuma babu wanda ya ce tana warkar da gyambo ko tana maye gurbin inuwa. Ya ce da Alu ya zo ranar da aka sa masa, abin da za a cire bai kai farce ba. Yanzu sai da aka cire rabin kunnen. Allah ya taimaka ciwon bai shiga wuya ba.

Da Alu ya warware ya dawo bes, malafa har gira, ya zauna can ƙuryar inuwa kusa da ni. Sumaila ya zagaya ya dubi kunnen da kyau, sannan ya juyo.

"Jama'a, ku gode wa Ukasha. Ciwon da ke cin mutum ɗungurungum, rabin kunne kawai ya iya ci. Da Baba bai katse mana magani ba, da ko wannan rabin bai tafi ba."

Aka yi ta "gaskiya ne, gaskiya ne." Wani ma ya ce a ci gaba da ba Alu gilashin farko saboda kunnen dama.

Alu ya ce, "Ku ba Baba abinsa."

Ukasha ya ratso rana ya miƙo mini. Har yau a layinmu, in ka tambayi abin da ya sami kunnen Alu, za a ce maka wani tsoho ne ya kai ƙara wurin mace saboda gilashin ataya. Na karɓa na sha. Ganyen ya yi yawa, na gaya wa Ukasha ya koma ma'auninsa na da.