Piyes Daga Duwala

"Ki kifa ta rubda ciki," in ji Malam Habib. "A hankali, kada gilashin ya taɓa siminti."

Nafisatu ta shimfiɗa zani a ƙasa, ta kwantar da kwamfutar a kai. Tsohuwa ce, irin wadda allo da inji suke haɗe wuri guda, farinta ya rine saboda shekaru. Ta mijinta ce, Mahamat, wanda motarsa ta kife kusa da Ngong shekara huɗu da suka wuce. Hotunansa da bidiyon sunan 'yarsu Nasiha duk suna ciki, har da muryarsa yana yi wa jaririyar waƙar rarrashi. Babu su a ko'ina sai nan, domin wayarsa ta tafi tare da motar.

Wata tara ke nan da kwamfutar ta ƙi tashi, sai dai ta yi ƙara sau uku ta bar allo baƙi ƙirin. Nafisatu ba ta kai ta kasuwa ba. Ina dalili, ga Malam Habib katanga ɗaya, mai gyaran da duk Garwa ta sani, kuma aminin marigayin, wanda da hannunsa aka sa shi a kabari? Duk Juma'a sai ta leƙa, shi kuwa ya danna maɓalli, na'urar ta yi kukanta uku, ya girgiza kai.

"Sai an canza mata piyes, Maman Nasiha. Tana hanya daga Duwala."

Har yaran unguwa sun mai da abin zolaya. In aka aiki wani ya daɗe, sai a ce ya tafi ɗauko piyes ɗin Malam.

Yanzu ga shi kwance, ciwon hanta ya cinye shi, hannuwan da suka saba da ƙananan sukurori ba sa iya riƙe kofi. Da hantsi ya sa matarsa Fatime ta kira Nafisatu ta kan katanga, sannan ya ce wa matar ta je ta dama kunu.

"Sukurori shida ne. Ki kwance su, ki zuba a murfin kwano."

Ta kwance, ta ɗaga murfin kwamfutar. Ƙura ta yi wa fankar ciki gemu.

"Kin ga wani koren falle, kamar tsinken mataji? Shi ne memuwar. Duba ko ya zauna daidai."

"Ya ɗan karkace, Malam."

"Zare shi. Ki goge haƙoran da gogen fensir, ki hura, ki mayar. Ki danna sai kin ji ƙas."

Ta ji ƙas ɗin. Ya sa ta tayar da kwamfutar tsaye, ta jona wuta. Da ta danna maɓallin, babu kuka uku. Fanka ta juya, allo ya yi haske. Nafisatu ta dafe ƙirji, hawaye ya zubo mata tun kafin ta ga komai.

"Ta tashi! Malam, ta tashi! To ina piyes ɗin?"

Malam Habib ya kafa wa na'urar ido. Wani layin farin rubutu ya fito a saman allon ya tsaya, wata 'yar sanda tana ƙifta ido a ƙarshensa.

"Me take cewa?"

"Disk take nema, ma'ajiyar da komai yake ciki." Ya juya fuskarsa bango. "Leƙa gefen fankar."

Ta leƙa bayan na'urar. Akwai wani gurbi mai faɗin tafin hannu, waya biyu suna reto, babu komai a ciki.

Da muryar da ba ta fi raɗa ba ya gaya mata. Ranar da ta kawo kwamfutar, kafin shayinsa ya huce ya gyara ta. A makon ne wani biro, wato ofishi, ya kawo masa tasu kwamfutar, disk ɗinsu ya mutu, suna gaggawa, kuma irin wannan tsohon ba a samunsa a kasuwa. Ya ce bari ya ari nata kwana biyu. Ya kwashe abin da ke ciki a wani kile, ɗan filashin nan na ajiya, ya yi wa disk ɗin formate ya goge shi tas, ya ba su. Da ya buɗe kilen, ashe jabu ne, ko hoto ɗaya bai riƙe ba.

"To kukan da take yi duk Juma'a fa?"

"Ni nake karkata memuwar. Don ki ji ta yi ƙara."

Nafisatu ta zauna daɓas. Ɓatan kayan ya yi mata zafi, amma wannan ya fi. Sau talatin da wani abu yana kallon idonta yana danna maɓallin nan. Sau nawa ta kawo masa kunun gyaɗa don ya ƙara matsa wa mutanen Duwala? Ashe macijin a cikin zaninta yake. Ta tuna Nasiha, 'yar shekara shida, da ke tambaya ko muryar babanta kauri gare ta ko siririya.

"Maman Nasiha, tafiya ta zo. Don girman Allah ki ce kin yafe."

Ta san abin da ake faɗa a irin wannan wuri. Tun tana yarinya ta san ba a hana mai jinya wannan kalma. Amma ta miƙe ba tare da ta faɗe ta ba. Sai ta tattara sukurorin nan shida ta ƙulle a bakin mayafi, ta rungumi kwamfutar ta fita. Ko sallama ba ta yi ba.

Bayan la'asar aka ji kuka ta kan katanga.

Haƙƙin maƙwabtaka bai faɗi ba. Ta shiga, ta ɗora tukunya, ta zauna cikin mata. Da aka fita da gawar Malam, Fatime ta matso ta kama hannunta, idanunta sun kumbura.

"Allah ya saka miki, 'yar'uwa. Ban san me ke tsakaninku ba, amma da na kawo kunun ya ce mini kin yafe masa duka. Ya ce in shaida wa liman haka. Hankalinsa kwance ya tafi."

Nafisatu ta dubi matar. Yafiyar ma bai jira a ba shi ba, ɗauka ya yi, kamar disk ɗin. Ga Fatime tana jiran amsa, ga mata suna kallo.

"Allah ya ji ƙansa," ta ce. Iyakar abin da ya fito ke nan.

Da ta koma gida, ta tarar Nasiha ta riga ta jona kwamfutar. Yarinyar ta ɗauko kujerarta 'yar tsugunno ta zauna gaban allon, ta gyara ɗankwalinta, ta haɗa hannu a kan gwiwa kamar mai jiran baƙo.

"Inna, ta daina kuka. Yanzu Baba zai yi magana?"

Nafisatu ta tsaya a bakin ƙofa, sukurorin suna ƙulle a mayafinta. A saman allon, 'yar farar sandar nan tana ta ƙiftawa.