Waƙar Inna a Jakar Wani

Ƙanena Yusha'u waƙa ɗaya tak ya yi ta karɓu, kuma ita ce ta hana shi sukuni. Innarmu Safara'u ya yi wa ita, bayan ta tashi daga wata jinya da muka fid da rai. Ya sayar da bunsurunsa, ya taso daga Alela zuwa Birnin Konni, ya shiga situdiyo da gangar noma da 'yan amshinsa. Abin da bai yi ba shi ne ambaton sunansa a cikin waƙar, wai kunya yake ji. Ni dai ban taɓa ganin mawaƙin da kunya ta yi wa rana ba.

A Konni waƙa ba ta yawo sai ta hannun masu turi, samarin nan da ke zaune bakin tasha da kwamfuta suna zuba wa mutane waƙoƙi a katin waya. Kowane mawaƙi da jakarsa a cikin kwamfutar, kuma su ke zaɓen inda waƙa za ta shiga. Da ta Yusha'u ta zo hannunsu ba suna, ba su tambayi kowa ba. Suka jefa ta jakar Abdulhamid Ɗan Tsarnawa, wanda sunansa ya riga ya kai Malbaza da Illela har ƙetaren iyaka.

Ni a Konni nake aure, kuma a bakin tashar nan nake sayar da tuwo, don haka a kunnena aka yi komai. Ɗan kabu-kabu ya tsaya da waƙar Innata a aljihu yana cewa Ɗan Tsarnawa ya gama da mawaƙa. In ce ta ƙanena ce, a yi dariya. Na yi ta gardama har muryata ta dishe, na kori masu ciniki ba adadi. Wani jandarma da aka turo daga nesa ya ce mu mutanen yankin nan ai duk maƙogwaro ɗaya gare mu, na so in kifa masa miya.

Abin haushin, bai yi ƙarya sosai ba. Uwar Abdulhamid 'yar Alela ce, aure ya kai ta Tsarnawa. Dutse ɗaya suka yi niƙa a kai ita da Inna, waƙar niƙa ɗaya suka rera, kuma da ita kowace ta yi renon ɗanta. Da yaran suka tasa, duk biyun sun yi wa Ado makaɗin noma amshi a gayya, inda dole ka ɗaga murya ta haye ganga don mai noma a ƙarshen kunya ya ji ka. Daga nan suka samo siririyar muryar nan mai tsini, da 'yar karyewar da take yi a ƙarshen baiti irin ta mai niƙa in numfashi ya ƙare mata.

Yusha'u ya je wurin Sanusi, babban masu turi, ya yi masa bayani. Sanusi ya sa shi ya rufe ido, ya kunna tasa da wata ta Abdulhamid a jere, ya ce ya nuna inda suka bambanta. Ya ƙara da cewa ko da ya yarda, waƙar ta riga ta shiga wayoyi, ba mai iya bin ta gida gida ya sauya mata suna. Yusha'u ya dawo rumfata, ko tuwon da na zuba masa bai taɓa ba.

Na tasa shi gaba muka tafi Tsarnawa. Na shirya faɗa tun a mota, amma Abdulhamid ya hana ni abin yi. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya kawo fura, ya tambayi jikin Inna. Ya rantse ya sha gaya wa mutane waƙar ba tasa ba ce, sai su ce tawali'u ne.

"To wurin biki hwa, in anka roƙe ka?" na tambaye shi.

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, in anka matsa, ina yi. Ko ni, wallahi, randa na hwara jin ta sai da na yi tunanin yaushe ni yi ta."

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Bayan an gama girbi Yusha'u ya koma situdiyo, wannan karon na wani mai suna Alamin. Yusha'u ya ce a sake waƙar yadda ba mai haɗa shi da kowa. Aka cire ganga aka sa fiyano. Ya danne muryarsa ƙasa, ya haɗiye karyewar nan, na'ura ta goge abin da ya saura. Sunansa kuwa ya ambace shi a farko, ya ambace shi a tsakiya, har da na gari. Sanusi ya buɗe masa jaka tasa ta kansa. Ranar na ga haƙoran ƙanena, na kuma yi shiru da abin da ke raina, don ni waƙar ba ta shige ni ba.

Muka tafi Alela ya kai wa Inna. Muka same ta a inuwa tana ɓarar wake, idonta ya yi rauni tun jinyar. Ya durƙusa ya kunna mata, ya riƙe wayar kusa da kunnenta. Ta saurara har ƙarshe, hannunta bai bar aiki ba.

"Na ji an ambaci sunanka, Auta," in ji ta. "Amma wa ya rera?"

"Ni na, Inna."

"A'a. Wanga baƙo na, Allah shi yi mai albarka. Sa mini taka, wadda kay yi mini."

Ya dube ni, na kau da kai. Ya daɗe yana latsa wayar. Waƙar farkon wuri ɗaya kawai take a wayar, shi ma ya sani. Ya buɗe jakar da ke ɗauke da sunan Abdulhamid Ɗan Tsarnawa, ya kunna. Ganga ta tashi, siririyar muryar ta haye ta, ta karye a ƙarshen baiti.

Inna ta ajiye waken, ta laluba ta dafa kansa.

"Yauwa," ta ce. "Ga ɗana."