Turaren Wuta a Bakin Rijiya

Sati uku ke nan rabon da a sha ruwan rijiyar gidan Malam Faruk a Gwadangaji, amma guga bai huta ba ko kwana ɗaya.

Matarsa Ma'u ce ta fara ganin abin. Ta jawo guga da safe za ta jiƙa shinkafar da take turarawa tana sayarwa, sai ta ga ruwan ya yi maiƙo a sama, yana walƙiya kala-kala kamar wuyan tantabara. Ta kai hanci, ta yi baya da sauri. Fetur ne, fetur sak, a cikin rijiyar da aka sha tun zamanin kakan mijinta.

Shi kuwa Faruk da ta kira shi, maimakon ya yi salati, sai ya tsaya yana kallon gugan. Manomin shinkafa ne, yana da fadama a hanyar Argungu, kuma injin ban ruwansa ba ya jin lallashi, in babu mai ba ya tashi. Ya ɗauki moɗa ya yaɗe saman ruwan a hankali, ya fita ƙofar gida ya zuba a ƙasa, ya ƙyasta ashana. Wuf! Ya dawo yana dariya har da tafa hannu.

"Ma'u, wanga abu arziki na. Allah ya kawo muna har gida."

"Malam, arziki cikin ruwan sha?"

"Ruwan sha 'yan garuwa na kawowa. Ke dai kak ki hwaɗi ma kowa. In sunka ji, ruhe ta za su yi, ko su ce mu tashi. Shinkahwa ta yi ciki, sati ukku ɗai nika so. Ban yarda ki buɗe baki ba."

To, haka aka fara. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya tsuguna bakin rijiya yana jawowa, ya bar bokiti ya kwanta, ya yaɗe na sama, ya tace da tsohon ɗankwali, ya ɗura a jarka ruwan ɗorawa, ya ɗaure a bayan babur. Injin yakan yi tari, amma yana tashi. Hannayensa suka yi fari, suka faffashe, bai damu ba. Da ya gama sai ya rufe rijiyar da fallen kwano, ya shimfiɗa tabarma a kai, ya ce ta baza shinkafa kamar shanya ake yi.

Abin da kwano bai iya rufewa ba shi ne wari. Ga zafin bazara, da rana ta take sai warin ya taso ya cika tsakar gida. Kuma ɗakin da ya fi kusa da rijiyar na Inna Riskuwa ne, mahaifiyar Faruk, wadda ɓarin jikinta ya shanye shekara biyu, ba ta iya ko juyawa sai an juya ta. Katifarta a ƙasa take. Tsohuwa ta fara kukan ciwon kai, ta ce ƙasan ɗakin nata wari yake. Ga mata masu zuwa duba ta ba sa yankewa. Sai Faruk ya kawo dabara, ya ce a dinga sa turaren wuta. Safe, rana, yamma, Ma'u ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turare, ta ajiye kusa da kan surukarta. Masu dubiya su shigo su ce, kai, Ma'u akwai tsafta.

Ran da hankalin Ma'u ya tashi na gaske wata Laraba ce. Ta ɗauraye bokitin Faruk ta watsa ruwan a kwata, kwatar kuwa ta gefen murhu ta bi. Itace ya yi tartsatsi. Sai ga wata wuta shuɗiya, siririya, ba hayaƙi ba ƙara, ta bi kwatar da gudu, ta wuce ta bakin ƙofar Inna, ta fice ta rariya. Kafin Ma'u ta ce innalillahi har wutar ta mutu. Ta tsaya riƙe da bokiti. Daga ɗaki Inna ta ce, "Ma'u, mi yaw wuce?" Ta ce kaza ce.

Ta gaya wa Faruk da ya dawo. Ya ce ta matsar da murhu can ƙarshen gida, shi ke nan. Ta matsar. Amma kaskon turare fa? Wannan ya ce dole ne. Wallahi tun daga ranar, duk lokacin da ta ɗauki kaskon nan ta nufi ɗakin Inna, ji take kamar zuciyarta za ta faɗo. Tsoro take ji, tsoro mai hana cin abinci, kuma babu wanda za ta faɗa wa.

A waje kuwa magana ta riga ta fasu ta wata hanya. Masu wucewa sun yi ƙorafin kwalbatin bakin titi yana warin mai. Aka zo aka gano tankin da ke binne a gidan man da ke saman unguwar ya yi tsatsa ya huje, yana tsiyaya cikin ƙasa, ba wanda ya san tun yaushe. Aka kewaye gidan man da jar igiya. Wani dattijon duba-gari, Irimiya, shi aka ɗora wa aikin gano inda man ya bi. Kwana biyar yana yawo a layinsu da hular kwano, ana ɗaga masa murafen lambatu, yana zura wata na'ura mai kamar rediyon hannu da dogon hanci, wadda ke tsuwwa in ta shaƙi mai. Ya haƙa ramuka a gefen hanya, ya ɗebi ƙasa a kwalabe.

Sai dai gidajen layin duka gidajen aure ne, ba shiga. Iyakarsa zaure. Ma'u tana daga bayan labule ta ji shi yana yi wa Faruk bayani, murya a gajiye. Ya ce man nan ba ɓacewa ya yi ba, yana tafiya ne a ƙarƙashin ƙafafunsu, kuma in ba a san inda ya nufa ba, ba a san inda za a yanka rami a tare shi a zuƙe ba. Rijiyoyi ne kaɗai za su nuna hanya.

"Tamu ta ƙahe tun bara," in ji Faruk, ko ƙifta ido bai yi ba.

"Ikon Allah," in ji Irimiya. "Gida goma sha ɗaya na tambaya. Wannan ta ƙafe, wannan lafiya lau, wannan an cike ta. Amma lambatu yana ihu. To gobe zan zo da mace."

Washegari Faruk bai je fadama ba. Da hantsi Irimiya ya yi sallama, suka zauna a zaure, abokiyar aikinsa ta shigo ciki. Vivian sunanta, doguwa, da takalmin roba da littafi a hannu. Na'urar guda ɗaya ce, tana wurin Irimiya. Ta gaida Ma'u da ladabi, ta leƙa ta gaida Inna. Gida kuwa ya turnuƙe da turare, don yau kasko biyu Faruk ya sa aka kunna.

"Maman gida, an ce rijiyarku ta ƙafe?"

Ma'u ta dubi ƙasa. Daga zaure ta ji Faruk ya yi gyaran murya. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, sai ta gyara bakin zaninta. Vivian ta dubi tabarmar shanya, ta rubuta wani abu, ta rufe littafi.

"To, na gode. Allah ya ƙara wa Mama sauƙi."

Ta juya. Ma'u ta ga bayanta yana nufar ƙofa, ta ga hayaƙin turare yana fitowa ta ƙarƙashin labulen Inna. Sai ta ji bakinta ya ce, da ƙarfi yadda za a ji a zaure, "Haba Malama, baƙuwa ta hita gidanmu ba ta sha ruwa ba? Zamna kaɗan."

Wannan ko Faruk ba zai hana ba. Ta ɗauki kofin silba, ta wuce randa ba ta taɓa ta ba, ta zagaya bayan rumbu inda bokitin asuba ke ajiye. Ta cika kofin, ta zo ta durƙusa, ta miƙa da hannu biyu.

Vivian ta kai kofin baki. Bai kai ga leɓenta ba ta tsaya. Ta dubi ruwan, ta dubi Ma'u. Ma'u ta juya idonta zuwa tabarmar shanya, sannan zuwa ɗakin Inna, hawaye na zubo mata. Vivian ta ajiye kofin a ƙasa a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Ta ɗebo ruwa a randa, ta shiga ɗakin ta sheƙa wa kaskon, ta fito ta sheƙa wa na biyun da murhu, sannan ta ɗaga murya.

"Baba Irimiya! Shigo da na'ura!"

"Malam, ka yi haƙuri," Ma'u ta ji dattijon ya ce, "yau kam zan shiga."

Tun daga bakin zaure na'urar ta fara tsuwwa. Faruk ya biyo shi yana faɗa, wa ya ba ka izini, gidan aure ne, har da rantsuwa. Irimiya bai kula shi ba. Ya janye kwanon rijiya, na'ura ta haukace. Ya shiga ɗakin Inna, ya durƙusa, ya kai hancinta wata tsaga a simintin ƙasa, tazarar taku ɗaya daga inda kaskon yake zama. Kukan da ta yi a nan ya fi na bakin rijiya.

"Nan take kwana?" ya tambaya. "Da garwashi a nan?"

Irimiya bai jira amsa ba, ya miƙe tsaye.

"Kar wanda ya taɓa makunnin lantarki, kar a tada babur. Ku fitar da ita yanzu, a kira mai unguwa."

Faruk ya sunkuya ya goya uwarsa. Da ya zo wucewa ta gaban Ma'u ya tsaya, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ke kika hwaɗi?"

"Ban buɗe baki ba, Malam. Ruwa na ba baƙuwa."

Ya dube ta. Ya ce zai kai Inna gidan Sunusi maƙwabcinsu, matarsa Mansura ta kula da ita, shi kuma ya je ya kira mai unguwa kamar yadda Irimiya ya ce.

Ma'u ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta. Ko me zai biyo baya, ko shinkafa ta bushe, ko Faruk ya yi wata ba ya mata magana, Inna dai ta fita. Ta tsaya tana amsa tambayoyi, yaushe aka fara gani, jarka nawa a rana. Irimiya ya zura sanda a rijiyar ya auna kaurin man. Ya ce za a kawo motar zuƙa, a kwashe ƙasar tsakar gidan a kawo sabuwa, aikin watanni ne. Sannan ya juya ga Vivian yana girgiza kai.

"Wannan ko kashi ɗaya cikin goma na abin da ya zube bai kai ba. Sauran yana ina?"

Ma'u ta ɗauki matashin Inna da ledar magungunanta ta nufi gidan Sunusi. Tana sa ƙafa a zaure ƙamshi ya tare ta. Turaren wuta, mai kauri, da rana tsaka, ba biki ba suna. Ta tsaya cak. A kusurwar zauren ga wasu jarkoki ruwan ɗorawa guda uku an lulluɓe da buhu. Sunusi ma fadama gare shi.

Ta faɗa ciki ba sallama. Ga rijiya an rufe da fallen kwano, an shimfiɗa tabarma, an baza kuɓewa. Ga Inna an kwantar da ita a ɗakin da ke jikin rijiyar, don ya fi sanyi. Ga Mansura riƙe da kasko, tana hura garwashin har ya yi ja, ta nufi ƙofar ɗakin.

Ma'u ta cafke mata hannu. "Tun yaushe?"

Mansura ta yi fiƙi-fiƙi da ido, sai ta fashe da kuka. "Wata guda. Shi ma cewa ya yi kak in hwaɗi."

Ma'u ta fizge kaskon ta kifa shi cikin bahon wanki. Ba ta jira kowa ba. Ta shiga ta tattaro tsohuwa, ta ce Mansura ta ɗora mata, ta ɗaure ta da zani kamar jaririya, ta fito titi tana haki.

A tsakiyar layin ta tsaya. Rana ta take, babu iska. Sai yanzu ta lura da abin da hancinta ya saba da shi sati da satuttuka. Ƙamshin turare ne ke fitowa daga gidan liman, daga gidan mai gyaran keke, daga gidan da ke kallon nasu, har can ƙarshen layi. Ga lokacin ɗora girkin rana ya yi, hayaƙin itace ya fara tashi ta saman katangu.

"Malama Vivian!" ta ƙwala kira, muryarta na tsagewa. "Baba Irimiya! Ku hito! Duka gidajen na, duka!"

Inna Riskuwa ta motsa a bayanta, ta kai baki kusa da kunnenta.

"Ma'u, ɗiyata, ina za ki kai ni kuma?"

Ma'u ta dubi gabas, ta dubi yamma, tana neman ƙofa ɗaya tak da hayaƙi ba ya fita daga cikinta. Ta ƙara tamke zanin, ta ci gaba da dubawa.