Lambar da Ke Hannun Baba Sanda

"Kai ne mai wannan lambar?" muryar wata mace ta tambaya cikin haki, ihu na tashi a bayanta. "Don Allah ka zo gindin gadar Kawo yanzu-yanzu. A hannun wani dattijo na gan ta rubuce, ga shi nan kwance."

Labaran tela ya watsar da rigar da yake ɗinki, ya haye mashin ɗinsa ko shago bai rufe ba. Ya san hannun. Shi da kansa ya yi rubutun da safe.

Baba Sanda mai gyaran fanka maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su a Unguwar Shanu. Da safen nan ya leƙo shagon sanye da takalmin kambas, gorar ruwa a hammata, jiƙaƙƙen hankici a wuya, ya miƙo masa maka irin wadda ake rubutu a jikin buhu.

"Rubuta min lambarka a nan," ya ce, yana naɗe hannun riga.

"Haba Baba, zanga-zangar lumana ce fa, ba yaƙin Badar ba. Wannan shiri haka?"

"Lumana daga wajenmu. Ka san ta wasu? Waya kan faɗi, aljihu kan yage, amma hannu yana tare da mai shi. Ni gefe-gefe zan bi, da na ga an fara jifa na kama gabana." Ya rage murya. "Ban sa ta matata Turai ba, ka san hawan jininta. In wani abu ya same ni, daga bakinka nake so ta ji, tana zaune, da ruwa a kusa. Ka yi alkawari."

Labaran ya yi alkawarin yana dariya.

Yanzu babu dariya. Tun daga nesa yajin barkonon tsohuwa ya fara cin idonsa. Titi ya cika da silifas warin-warin da kwalayen da aka rubuta koken tsadar abinci, duk an tattake su. A bakin kwata ya hango mutane sun yi da'ira, kowa ya ɗaga waya sama kamar masu kallon dambe.

Ya kutsa da kafaɗa. Baba Sanda na kwance rigingine, ƙirjinsa na hawa da sauka da ƙyar. Ƙafafunsa tsirara. Har an zare kambas ɗin.

Wata budurwa ce kaɗai a durƙushe, tana yi masa fifita da mayafinta. Hankicinsa na hannunta.

"Ni na kira ka, sunana Safiya," ta ce. "Lafiya lau muke tafiya, wasu 'yan iska suka shigo da gorori suka hau fashe-fashe, sai aka harbo hayaƙi. Wallahi Baba ya riga ya fita, ya kai bakin lungu. Faɗuwa na yi, ya dawo ya ɗaga ni ya ba ni wannan. Shi kuma jama'a suka bi ta kansa."

"Malam, matsa mana, kana tare min!" wani saurayi mai jar hula ya daka wa Labaran tsawa. "Ke, ɗan ɗaga hannun nasa, duniya ta ga shaida."

Labaran ya juya ya fuskanci saurayin.

"Da hannun nan naka ka sa ka ɗauke shi, da yanzu yana asibiti. Tir! Ku kama min shi, don girman Allah!"

Mutum biyu suka kama, su ma sai da suka gama ɗaukar abin da suke ɗauka. Aka sa shi a Keke Napep, Labaran ya bar mashin ɗinsa a nan ya rungume kan dattijon a cinya. Ba su wuce Hayin Banki ba Baba Sanda ya buɗe ido.

"Turai..."

"Ni zan gaya mata, Baba. Yi kalmar shahada."

Ya yi ta, a hankali, kamar yadda yake yin komai. Kafin su kai ƙofar asibiti jikin ya saki.

Likita na tabbatarwa Labaran ya kira ƙanin mamacin ya zo ya tsaya wajen gawar, shi kuwa ya tari wani Keken. Duk hanya yana shirya maganar. Zai yi sallama, ya ce Inna Turai a ba shi ruwa, ya sa ta zauna, ya fara da cewa Baba ba shi da lafiya.

Tun daga zaure ya ji muryar kansa tana fitowa daga cikin gidan: "Ku kama min shi, don girman Allah!"

Mata sun cika tsakar gida. Talatu mai awara ce riƙe da wayar, bidiyon ya ƙare ya sake farawa. Inna Turai na zaune daɓas a ƙasa gefen turmi, tsintsiya na hannunta har yanzu.

"Ai ni ban san shi ne ba," Talatu ta hau rantse-rantse. "A guruf aka turo, na ce Inna zo ki ga abin tausayi. Sai da muka ƙara girman hoton..."

"Kashe shi," Labaran ya ce. "Talatu, ki kashe abin nan kafin in taka shi."

Ya durƙusa gaban tsohuwar. Duk maganar da ya shirya ta gudu. Ita ta ɗago ta dube shi, idonta a bushe.

"Labaran, ina takalmansa? Jiya na wanke masa su."



Bayan la'asar aka yi masa wanka. Labaran na zuba ruwa, liman na cuɗawa. Jini ya fita, ƙasar titi ta fita, lambar ta ƙi. Labaran ya karɓi sabulun ya goga, ya sake gogawa.

"Bar shi haka," liman ya ce. "Kada ka wahalar da fatar bawan Allah."

Haka aka naɗe shi a likkafani, da lambar a hannu.

Sun dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, wata baƙar mota marar lamba ta tsaya a bakin layi. Wani dogon mutum cikin farin yadi ya fito. Bai yi sallama ba, bai ɗaga hannu ya yi wa mamaci addu'a ba. Ya tsaya yana duban hoton wani hannu mai rubutu a wayarsa, yana danna lambobi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗago yana bin fuskokin masu zaman makoki da kallo.

Cikin shirun nan, wayar da ke aljihun Labaran ta fara ƙara.