Kifayen da Barau Ya Bari

Yaya Laure tana da kwana ashirin da uku cikin takaba ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Safinatu, kifayen nan irin numfashin marigayi suke yi."

Ni kiwon tarwaɗa nake yi a Gagarawa, kududdufin siminti uku a bayan gida, shi ke nan dangi suka naɗa ni likitar kifi. Ko ƙaya ce ta maƙale wa mutum a wuya, ni ake nema. Amma muryarta ta ranar ba ta bar mini wurin wasa ba. Na yafa mayafi na hau motar Gumel.

Mijinta Barau direban babbar mota ne, shekara ashirin yana jigilar kaya daga Maigatari zuwa Damagaram. A tasha mafaɗaci ne, a gida kuwa ba abin da yake lallaɓawa kamar kifin ado guda shida da ya sayo a Kano, jajaye kamar tattasai, cikin akwatin gilashi. Har 'yar sola ya kafa musu tasu ta kansu, don kada injin da ke hura musu iska ya tsaya. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi kwana tara a asibiti, ya rasu. Allah bai ba su haihuwa ba. Kifayen ne kaɗai abu mai rai da ya bar mata, kuma huɗu sun riga sun mutu.

Na isa da azahar, rana tana dukan kwano. Ɗakin a rufe yake, da wani tsami-tsami a iska. Yaya tana zaune a tabarma, ta juya wa akwatin baya.

"Dubi bakinsu," ta ce, ba ta waiwaya ba.

Na duba. Biyun da suka rage sun taso saman ruwa, suna buɗe baki suna rufewa, suna buɗewa, kumatunsu na bugawa da sauri. Wallahi na ga Barau a asibiti ana saura kwana biyu ya cika, kuma haka bakinsa yake yi. Na yi a'uziyya a zuciyata, na tuna wa kaina cewa aiki na zo yi.

Ruwan ya yi duhu kamar na wankin gero. Na tsoma hannu na ji shi da ɗumi, ga wani farin laka kwance a ƙasa. Na lakato na shinshina.

"Yaya, me kike ba su?"

"Gumba."

"Gumba?"

"Iya ta ce duk mai ran da aka ciyar, ladan yana isa ga mamaci." Iya surukarta ce. "Na ga su ne nasa, sun fi kowa cancanta. Tun sadakar uku nake ba su, safe da yamma. Masu zuwa gaisuwa ma suna ɗan jefa musu."

Raina ya ɓaci, kuma ni ba na iya ɓoyewa. "Haba Yaya! Kifi ne fa, ba 'yan zaman makoki ba. Cikinsa bai kai ƙwayar wake ba. Abin da bai ci ba ruɓewa yake, ya shanye iskar ruwan, ya zama guba, ya ƙone masa kumatun da yake numfashi da su. Ga zafin bazara, ruwa mai ɗumi dama ba ya riƙe iska."

Ina cikin faɗan na ji shirun ɗakin. Duk zuwan da nake yi gidan nan, ƙarar kumfa ce ke fara tarbata. Na leƙa bayan akwatin. Wayar injin a cire take, an naɗe ta tsaf an ɗaure da tsumma.

"Lalacewa ya yi?"

"Ni na cire."

"Tun yaushe?"

"Ranar da muka dawo daga asibiti." Ta ja hijabinta. "Kwalbar da ke jikin tukunyar iskar da aka sa masa haka take yi, ɓul-ɓul-ɓul. Ina shigowa na ji ta a nan. Sai na ji kamar yana kwance a ɗakin."

Na bar faɗan. Na samo tiyo na zuƙe lakar, na rage kashi ɗaya cikin uku na ruwan, na ɗebo wanda ya kwana a randa ina zubawa a hankali. Na buɗe taga. Na ce kwana uku kada ta ba su komai. Injin kuwa na kasa taɓawa ba da izininta ba. Ina cikin zuba kofi na ƙarshe ƙaramin cikinsu ya kife a gefe, ya buɗe baki sau biyu, bai sake ba.

Sai a lokacin Yaya ta juyo. Ta daɗe tana kallonsa a tafin hannuna.

"Ke da kika san harkar numfashi," ta ce, "rashin iska na minti ɗaya yana kisa?"

"Na kifi?"

"Ranar da ya rasu, bayan la'asar, na ga idonsa ya juya. Ga robar iskar nan rufe da bakinsa. Na ji tsoro kada ya tafi bai yi kalmar shahada ba. Na ɗaga masa. Na faɗa, ya faɗa, har ƙarshe ya faɗa. Da na mayar, babu shi." Muryarta ba ta ko rawa. "Ban gaya wa kowa ba."

Tausayinta ya kama ni. Na durƙusa, na ɗaga marfin kumatun kifin da farce. Ciki ya yi baƙi-baƙi, ya ragargaje.

"Kin gani? Wannan ba yau ya fara mutuwa ba, ya fi mako. Ko da na jona injin ina shigowa, ba zai tashi ba. Minti ɗaya ba ya kashe wanda ke da sauran kwana, Yaya."

A kan kifi gaskiya na faɗa. A kan mutum ban san komai ba, amma na faɗe shi kamar wadda ta sani, kuma ko gobe zan sake.

"Wannan da ya rage fa?"

"Shi zai iya tashi, in ya samu iska yanzu."

Na miƙa hannu zan ɗauki wayar, ta riƙe ni. Da kanta ta kwance tsumman, ta jona. Kumfa ta taso, ƙarar ta cika ɗakin. Ta dafa bango, ta rufe ido. Kifin ya ɗan jima a sama, sannan ya sauka tsakiyar ruwa, bakinsa ya fara lafawa.

"Bari in tafi da shi Gagarawa, da akwatin da injin," na ce. "Ba dole ba ne ki zauna da wannan ƙarar har ki fita takaba."

Ta girgiza kai. Ta jawo tabarmarta kusa da akwatin, ta zauna tana fuskantarsa.

"Bar shi nan," ta ce. "Ba zan ƙara cire wa wani iska ba."

A nan na gane ba ta yarda da maganata ba.